GAWO, ABOKIN MANOMI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, lokacin sassabe ya matso. Kafin mu ɗauki gatari, bari mu yi magana bisa gawo.

Halin gawo dabam yake da na sauran itatuwa. Da damina ya kan zubar da ganyensa. Da rani kuma sai ya yi kore shar. Shi ya sa inuwarsa ba ta danne shuka.

Ku duba hatsin da ke ƙarƙashin gawo. Ya fi na fili tsawo da manyan zangarku. Ga dalili: ganyen da ya zuba yana ruɓewa ya zama taki. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Bisashe suna hutawa a inuwarsa da rani, su bar kashi a wurin.

Ƴaƴan gawo suna nuna lokacin da ciyawa ta ƙare. Tumaki da awaki da shanu suna cin su. Har a kasuwa ana sayar da su. Bisashe kuwa suna rama alheri. Ƙwayar da suka haɗiye tana fita cikin kashi, ta tsira da sauri.

Halittun daji ma suna mora. Bayan damina gawo yana fure, ƙudan zuma su taru. Mai amya sai ya rataya ta a reshe. Tsuntsaye suna sheƙa a kansa. A Dallol Boso, gabas da Yamai, raƙuman dawa suna cin ganyensa da rani.

Kakanninmu sun san darajarsa. Tsofaffi sun ce sarakunan Damagaram sun hana sare shi, da horo mai tsanani. Yau ma dokar daji ta hana. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da na Damagaram sun himmatu ga barin toho a gonaki. Ana ce da wannan aiki sassaben zamani. Wanda ya je Magariya ko Matamaye ya ga amfaninsa da idonsa.

Ga abin yi bana:
1. In ka ga tohon gawo a gona, kada ka sare, kada ka ƙone.
2. Zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ka rage sauran.
3. Kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
4. Makiyayi, kada ka yi wa gawo aski kwal.

Wanda ya karanta, ya faɗa wa maƙwabcinsa.