Fatawar Gidan Yari A Fim Ɗin Double Jeopardy

A shekarar 1999 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna Double Jeopardy, wanda Bruce Beresford ya ba da umarni, Ashley Judd da Tommy Lee Jones suka fito a cikinsa. Kuma ko da yake masu sharhi ba su yaba masa ƙwarai ba, jama'a sun yi rububinsa har ya tara fiye da dala miliyan 170 a duniya. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne wata mas'ala ta shari'a da aka ɗora labarin a bisanta, wadda mai kallo zai iya tashi da ita a zuciyarsa a matsayin gaskiya, alhali kuwa ɓatacciya ce tun daga tushe.

Wata mata ce mai suna Libby Parsons ta fita shaƙatawa a jirgin ruwa tare da mijinta Nick a gaɓar jihar Washington. Cikin dare ta farka ta ga jini a jikinta da shimfiɗarta, miji kuwa babu shi babu dalilinsa. Ta bi sawun jinin har saman jirgi, ta tsinci wuƙa, tana riƙe da ita masu gadin teku suka same ta. Da yake akwai inshorar dala miliyan 2 a kan ran mijin, sai kotu ta ga dalili, ta ɗaure ta da laifin kisa ba tare da an ga gawa ba. Ta ba wa ƙawarta Angie amanar ɗanta Matty, ƙawar ta yi ɓatan dabo da shi. Ranar da Libby ta samo su ta wayar gidan yari, tana cikin magana da yaron sai ta ji ya kira babansa da murna, aka katse wayar. A nan ta gane cewa mamacin yana raye, kuma shi ya ƙulla mata wannan sharri.

Sai wata fursuna mai suna Margaret, wadda a da lauya ce, ta ba ta fatawa: tun da an riga an hukunta ta a kan kashe Nick, to, in ta fita tana iya harbe shi a bainar jama'a, babu alƙalin da zai sake taɓa ta. Da wannan guzuri Libby ta yi shekara 6, ta fita, ta bi sawun Nick har birnin New Orleans na jihar Louisiana, inda ya sauya suna yana cin duniyarsa da tsinke.

Ƙa'idar da Margaret ta dogara da ita tana nan a gyara na 5 na tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, kuma irinta tana cikin sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999: ba a gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi ɗaya. Hikimarta ita ce a hana hukuma, mai ƙarfi da dukiya, ta yi ta jan talaka gaban alƙali har sai ta sami hukuncin da take so. Amma laifi a wurin masana shari'a aiki ne da ya auku a wani lokaci, a wani wuri, ta wata hanya. Saboda haka kisan da aka ce an yi da wuƙa a teku daban yake da wanda za a yi da bindiga bayan shekaru a wani gari. Wanda aka ɗaure bisa zalunci a kan satar akuyar maƙwabcinsa, daga baya aka ga akuyar tana kiwo, bai sami lasisin zuwa ya kwance ta ba. Bugu da ƙari, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1985, a shari'ar Heath da jihar Alabama, cewa jihohi biyu suna iya hukunta mutum a kan aiki guda, balle a ce hukuncin Washington zai ɗaure hannun Louisiana. Su kansu masu fim ɗin sun yi dabara, domin a ƙarshe Libby ba ta harbi Nick ba sai da ya riga ya buɗe wuta.

Abin da ke kuɓutar da irin Libby shi ne bayyanar wanda aka ce an kashe, da ransa da lafiyarsa. A jihar Vermont, a 1819, an yanke wa 'yan'uwa biyu, Stephen da Jesse Boorn, hukuncin kisa a kan zargin kashe surukinsu Russell Colvin da ya ɓace tun 1812. Kafin ranar rataye Stephen sai aka gano Colvin a New Jersey, aka kawo shi gari, aka sake su. A shari'ar Musulunci ma, tun da daɗewa malaman fiƙihu suka tsaya a kan cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma sun hana mai haƙƙi ya zartar da ƙisasi da kansa ba tare da hukuncin alƙali ba. Don haka duk wanda zai kalli wannan fim ya kalle shi don nishaɗi, in kuwa mas'alar shari'a ta taso masa, ya nufi lauya ko malami.