Ruwan mai jinya: abin da bai kayar da mai lafiya ba yana iya kayar da majinyaci

'Yan'uwa mata, kusan kowaccenmu ta taɓa kwana a likita tana jinyar ɗa, ko miji, ko uwa. Mu ke ɗebo ruwa, mu dama koko, mu wanke kwanoni. Shi ya sa wannan magana tamu ce.

Akwai majinyata da garkuwar jikinsu ta yi rauni: yara masu tamowa da aka kwantar a CRENI, jariran da aka haifa bakwaini, masu ciwon sida, masu shan maganin kansa, masu ciwon suga da waɗanda wuta ta ƙona. Ƙwayar cutar da jikinki zai murƙushe ba ki ma sani ba, su tana iya shiga jininsu ta yi ajalinsu.

Ruwa yana iya zama garau amma ɗauke da ƙwayoyin taifot ko kwalara. Akwai kuma wata mai suna Pseudomonas, da ke son wuri mai danshi: bakin pampo, gindin randa, soso da tsumma jiƙaƙƙe. Tana kama miki da ƙuna, kuma sau da yawa ba ta jin magani da sauƙi.

To, me za mu yi? Ruwan shan majinyaci a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti 1, a bar shi ya huce a rufe. In babu wuta, a sa Aquatabs yadda aka rubuta a takardarsa, a jira minti 30. A zuba a jarka mai murfi, a daina tsoma moɗa, kuma a sake sabo kullum. Da wannan ruwan za a haɗa ruwan gishiri da sukari, fakiti 1 cikin lita 1. Kada a wanke miki da ruwan randa, kada ruwan wanka ya jiƙa wurin da aka sa allurar ƙarin ruwa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa majinyaci ko abincinsa. Idan zazzaɓi ko zawo ya taso, a gaya wa ma'aikacin lafiya nan take, kar a jira safiya.

A taron asusu mai zuwa, ku tada maganar: daga kuɗin taimakon juna a tanadi jarka mai murfi, sabulu, gawayi da Aquatabs, a riƙa ba duk 'yar ƙungiyar da jinya ta kama.