Abin Da Gem Ɗin Jirgin Ƙasa Ya Koya Mini Kan Jadawali Da Tuƙi

'Yan ɗakinmu sun daɗe suna min tsiya, wai ɗan ajin ƙarshe ya zauna yana wasa da jirgin ƙasa kamar ɗan firamare. To, daga wannan wasan na samo taken furojet ɗina, kuma da shi zan tsaya gaban malamai ƙarshen wannan zangon. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan fayyace yadda abin yake.

Gem biyu nake amfani da su, duka kyauta ne. OpenTTD ya fito a 2004, an gina shi a kan tsarin tsohon gem ɗin Transport Tycoon Deluxe na Chris Sawyer. A cikinsa kai ne mai kamfani: ka shimfiɗa layin dogo, ka kafa sigina, ka tsara jadawali, jiragen kuma su tuƙa kansu. Na biyu Open Rails, wanda ke karanta hanyoyin Microsoft Train Simulator na 2001. Shi a kujerar direba yake zaunar da kai, kuma ana iya rubuta masa jadawali a tebur irin na Excel.

Ranar da na fara, sai na ce bari in kwaikwayi layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, kimanin kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Layi ɗaya na shimfiɗa, na saki jirgi ɗaya daga kowane ɓangare, na tafi sallar magariba. Da na dawo, sai na tarar sun yi cirko-cirko a tsakiyar daji, kowa na jiran ɗan uwansa ya ba shi hanya. Laifina ne: na jera sigina a kan layin, ban yi wurin kaucewa ba.

Nan na gane cewa jadawali ya wuce rubuta lokacin tashi da na isa. Abu huɗu ake lissafawa. Na farko lokacin gudu tsakanin tasha da tasha. Kilomita 186 a gudun kilomita 100 cikin awa zai ci awa 1 da minti 52, amma wannan lissafin takarda ne, don jirgi yakan ɗau lokaci kafin ya kai cikakken gudu, ga kuma kwana da hawa. Na biyu tsayuwar tasha, wato mintunan sauke fasinja da ɗauka. Na uku tazarar da ke tsakanin jirgi da mai bin bayansa, domin an yanka layi gunduwa-gunduwa, kuma sigina ba ya barin jirage biyu cikin gunduwa ɗaya. Na huɗu rarar lokaci, 'yan mintunan da ake ƙarawa da gangan don jirgin da ya makara ya samu ya rama. In babu wannan rarar, lattin jirgi ɗaya sai ya bi sauran har dare.

Hanya mafi sauƙi ta ganin duk wannan ita ce zane. Ka jera tashoshi daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma daga hagu zuwa dama, kowane jirgi ya zama layi a karkace. Tun ƙarni na 19 ake wannan zanen. Wanda ya fi shahara shi ne na layin Faris zuwa Liyon da Étienne-Jules Marey ya buga a littafinsa. A layi ɗaya, duk inda layuka biyu suka gitta juna dole ya zama wurin da akwai layin kaucewa. In sun gitta a wani wuri daban, jadawalinka bai yi ba. Manhajar da nake rubutawa a furojet ɗina aikinta ke nan: a ba ta jadawali, ta nuna inda jirage za su yi karo da kuma ƙarfe nawa.

Sai batun tuƙi ba direba. Mutane na ɗauka gudu ne mai wuya, alhali tsayawa ce. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya kamawa kamar taya a kan kwalta. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 kowane sakan. In birkinsa na rage rabin mita a sakan cikin kowane sakan, sai ya yi kusan mita 770 kafin ya tsaya cak. Don haka kwamfuta kullum tana duba nisan da ya rage zuwa jan sigina ko tasha, tana lissafa iyakar gudun da zai ba ta damar tsayawa, in jirgi ya kai wannan iyakar ta taka birki. A Open Rails akwai maɓallin da za ka miƙa wa kwamfuta tuƙi ka zuba ido. Ni kam sau nawa nake zarce dandamalin tasha, ita kuwa ta tsaya daidai.

Wannan ba a gem kaɗai ya tsaya ba. Layin Victoria na Landan yana tafiya da tuƙin na'ura tun 1968, duk da akwai ma'aikaci a gaba mai rufe ƙofa da ba da izinin tashi. Layi na 14 a Faris, na 1998, da jirgin birnin Dubai, na 2009, babu direba sam a cikinsu.

Amma fa gem gem ne. Fasinjan OpenTTD ba ya jan buhun masara a ƙofa, kuma nisan da ke cikinsa ba na ainihi ba ne. Abin da yake koyarwa da kyau shi ne yadda latti ke yaɗuwa, da kuma dalilin da ya sa jirgi zai tsaya minti goma a ƙaramar tasha ba a sauke kowa ba: ɗan uwansa yake jira ya wuce.

Ga mai son gwadawa, OpenTTD ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Tsohuwar laftof ɗina ma tana ɗaukarsa. Fara da tasha biyu da jirgi ɗaya. In ya daidaita, ƙara na biyu da layin kaucewa a tsakiya, kuma ka zana jadawalin a takarda kafin ka sake su.