Asusun Dukiyar Ƙasa: Yadda Ƙasashe Ke Tanadar wa Jikoki

A bana mun ga ya dace mu yi wa masu karanta wannan rahoto bayani kan wani nau'in ajiya da ke da tasiri a kasuwannin duniya, wato asusun dukiyar ƙasa. Asusu ne da gwamnati ke mallaka, tana zuba rarar kuɗin da ta samu daga man fetur ko ma'adinai ko cinikin waje, a saya mata hannun jari da kadarori, domin dukiyar ta ci gaba da haihuwa bayan rijiyar da ta fito daga ciki ta ƙafe.

Kuwait ce ta fara buɗe wannan hanya a 1953, lokacin da ta kafa hukumar zuba jari a Landan tun kafin ta sami 'yancin kai. A 1976 ta ƙara da asusun al'umma mai zuwa, wanda doka ta ware masa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a kowace shekara. Amfanin wannan tanadi ya bayyana a 1990, da sojojin Iraƙi suka mamaye ƙasar. Gwamnati na gudun hijira, rijiyoyin mai sun fita daga hannunta, amma dukiyar da ke waje ta ɗauki nauyin 'yan ƙasa, ta kuma taimaka wajen sake gina abin da yaƙi ya rusa.

Norway kuwa ta gano mai a tekunta a 1969. Ta kafa asusunta da doka a 1990, kuɗin farko suka shiga a 1996, kuma zuwa 2017 darajarsa ta haura dala tiriliyan ɗaya. Yana riƙe da kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na hannun jarin kamfanonin da ake cinikinsu a kasuwannin duniya. Ƙa'idoji biyu ne suka riƙe shi. Na farko, ana zuba kuɗin a ƙasashen waje kawai, don kada ambaliyar kuɗin mai ta ɗaga darajar kuɗin gida har sauran sana'o'i su kasa gogayya. Na biyu, abin da gwamnati ke ɗiba a shekara an daidaita shi da ribar da ake sa ran samu: kashi 4 cikin ɗari daga 2001, sannan kashi 3 daga 2017.

Girman waɗannan asusu ya sa sun zama madogara a lokacin rikici. Da bankunan Amurka suka fara tangal-tangal a ƙarshen 2007, asusun Abu Dhabi ya zuba dala biliyan 7.5 a Citigroup. Hakan ya ta da hankalin wasu gwamnatocin Yamma, waɗanda suka ji tsoron kada jarin ya zama makamin siyasa. Don kwantar da wannan fargaba aka amince da Ƙa'idojin Santiago guda 24 a 2008, waɗanda suka ƙunshi bayyana hisabi da raba masu gudanarwa da masu mulki.

Inda aka yi sakaci da amana, sakamakon ya munana. Tsibirin Nauru ya tara dukiya mai yawa daga ma'adinin fosfat, amma mugun jari da almubazzaranci suka cinye ta. A Malesiya, hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa an karkatar da dala biliyan 4.5 daga asusun 1MDB, lamarin da ya kai ga yanke wa tsohon firayim minista Najib Razak hukuncin ɗauri a 2020.

Nijeriya ma ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004 ba shi da ƙaƙƙarfar dokar da ta tsare shi, don haka aka yi ta ɗiba har ya kusa ƙarewa. A 2011 aka kafa hukumar NSIA da doka, da jarin farko na dala biliyan ɗaya, aka kasa shi uku: na daidaita kasafi idan farashin mai ya faɗi, na al'umma mai zuwa, da na manyan ayyuka. Daga cikin ayyukanta akwai cibiyar binciken cututtuka a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Mu da ke riƙe da amanar waƙafi mun san wannan ƙa'ida tun daga littattafan fiƙihu: a tsare asalin dukiya, a ciyar da amfaninta. Akwai bambanci, domin majalisa na iya sauya dokar asusun ƙasa, kuma yawancinsu na sayen takardun bashi masu kuɗin ruwa, abin da waƙafi ba ya yi. Amma abin da ya raba Norway da Nauru shi ne abin da ke raba waƙafin da ya ɗore da wanda ya salwanta: rubutacciyar iyaka kan abin da za a ɗiba, bitar hisabi daga wanda ba shi da hannu a gudanarwa, da sanar da jama'a. Manomin da ya cinye irinsa da rani ba shi da abin shukawa idan damina ta sauka. Da wannan ma'auni muke roƙon masu ba da gudummawa su duba lissafin da ke cikin wannan rahoto.