Shin Ko Kun San? Yadda Ake Raba Lamba da Shiyya a Ƙwallon Kwando

Shin ko kun san cewa mutumin Jakara, in ya ratsa ta bakin Kasuwar Kurmi ya miƙe Ƙofar Mata, da ƙafarsa zai isa gidan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwallon kwando mafi tarin kofuna a Najeriya? Da yawanmu in an ce Kano Pillars, ƙwallon ƙafa ke faɗo mana a rai. Alhali akwai Pillars ta kwando, wadda ke wasa a rufaffen ɗakin wasanni na filin Sani Abacha. Ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, ciki har da na 2016 da na 2017, kuma a 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira.

Shin ko kun san cewa kafin Pillars ta yi ido huɗu da ƙungiyoyin Legas ko Fatakwal sai ta fara gamawa da maƙwabta? An daɗe ana raba babbar gasar Najeriya gida biyu. Akwai shiyyar Savannah, ta irin su Pillars da Gombe Bulls da Bauchi Nets da Plateau Peaks ta Jos da Niger Potters ta Minna. Akwai kuma shiyyar Atlantic, ta su Rivers Hoopers ta Fatakwal da ƙungiyoyin Legas. A tsarin da aka fi sabawa da shi, huɗun farko na kowace shiyya ne ke haɗuwa a gari ɗaya, su takwas, a fitar da gwani. Dalilin rabon a fili yake: Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma kuɗin mota da masaukin 'yan wasa kowane mako ya isa ya durƙusar da ƙungiya.

Ga wani abin da zai ba ku dariya. Kwara tana cikin jihohin Arewa 19, amma Kwara Falcons ta Ilori a shiyyar Atlantic take wasa, domin Legas ta fi mata kusa nesa ba kusa ba. Ita ce ta ci kofin ƙasa a 2022, ta wakilci Najeriya a gasar BAL ta Afirka a 2023.

Ita kanta BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021, sunayen shiyyoyinta ba sa bin taswira. A 2024 Rivers Hoopers, 'yan garin ruwa da fadama, a shiyyar Sahara aka jefa su, suka yi wasa a Dakar, suka ƙare gasar a matsayi na uku. A 2025 aka mayar da su shiyyar Kalahari. Hamadar Kalahari a kudancin Afirka take, amma wasannin a Rabat ta Maroko aka buga su.

Shin ko kun san cewa jami'o'inmu ma suna da tasu gasar? NUGA ke nan, wadda aka fara a Ibadan a 1966, kuma ABU Zariya na cikin jami'o'i biyar da suka kafa ta. A nan ma sai an yi wasannin share fage na shiyya kafin a je babban taro.

To amma inda rabon lamba da shiyya ya zama sana'a mai zaman kanta shi ne Amurka, a gasar jami'o'i ta hukumar NCAA, wadda suke wa laƙabi da Haukan Maris. Da jami'o'i 8 kacal aka fara ta a 1939, Oregon ta doke Ohio State da ci 46 da 33 a wasan ƙarshe. A 1979 aka fara bai wa kowace jami'a lambar matsayi, a 1985 suka kai 64, a 2011 suka kai 68. Sili-ɗaya-ƙwale ake yi, an doke ka sau ɗaya ka tattara komatsanka.

Shin ko kun san cewa mutum 12 ne ke kulle kansu a ɗaki su yanke wannan rabo? Jami'o'in babban rukuni sun haura 350. Wadda ta ci kofin ƙawancen jami'o'in da take ciki ta samu tikiti kai tsaye, sauran guraben kuwa kwamitin ne ke zaɓa. In aka zo maganar jami'ar da ɗan kwamiti yake wa aiki, dole ya tashi ya bar ɗakin. Tun kakar 2018 zuwa 2019 suna dogara da wani ma'aunin kwamfuta mai suna NET, wanda ba ya ɗaukar nasarori daidai wa daida. Nasara tana shiga aji na farko ne in ka doke ɗaya daga cikin 30 na sama a gidanka, ko ɗaya daga cikin 50 na sama a filin da ba na kowa ba, ko ɗaya daga cikin 75 na sama a gidansu. Ke nan wanda ya tara nasarori 25 a kan raunana a ƙofar gidansa yana iya zama a ƙasan wanda ya ci 20 amma ya je gidajen manya ya ƙwato.

In sun gama jerawa sai su raba zuwa shiyya huɗu: Gabas, Yamma, Kudu da Tsakiyar Yamma, kowace da lamba 1 zuwa 16. Ga wata dabara ta gane wa zai kara da wa a zagayen farko: lambobin biyu in an haɗa dole su ba da 17. Mai lamba 1 da mai 16, mai 2 da mai 15, mai 5 da mai 12, har a zo kan mai 8 da mai 9. Shi ya sa samun lamba 8 ko 9 ba abin murna ba ne can can, don in ka tsallake wasan farko, kusan kullum mai lamba 1 ne ke jiran ka bayan kwana biyu. Mai lamba 10 ko 11 kuwa, duk da an raina shi, ba zai haɗu da na ɗaya ba sai a wasan ƙarshe na shiyya. A ganina gara a raina ka a ba ka 11 da a girmama ka a ba ka 9.

Haka nan kwamitin yana ƙoƙarin watsa manyan jami'o'in da suka fito daga ƙawance ɗaya zuwa shiyyoyi daban-daban. Mai zuwa gidan dambe ya san wannan: akwai Arewa, akwai Kudu, akwai Guramada, kuma ba kasafai ake haɗa 'yan ɓangare ɗaya ba, baƙon hannu 'yan kallo suka biya kuɗi su gani.

Shin ko kun san cewa a gasar maza ba a yarda jami'a ta yi wasa a filinta ba? Abin da ake yi tun 2002 shi ne a kai masu manyan lambobi garin da ya fi kusa da gida a zagaye biyu na farko, kuma tun 2017 wadda ta zo ta ɗaya gaba ɗaya ita ke zaɓar inda take so. Duk da haka dokar tana da kafa. A garin Dayton aka saba buga wasanni huɗun share fage da ke rage jami'o'i 68 zuwa 64, sai ga shi a 2015 jami'ar Dayton ta faɗo cikinsu, ta yi wasa a ɗakinta gaban magoya bayanta, ta sha da ƙyar a hannun Boise State da ci 56 da 55. A gasar mata kuwa ba ɓoye-ɓoye, 16 na sama su ke karɓar baƙuncin zagaye biyun farko a gidajensu.

Shin ko kun san cewa har addini yana shiga lissafi? Jami'ar BYU ta jihar Utah, mallakar wata majami'a ce, ba ta wasa ranar Lahadi ko da kofi ne a gabanta. Saboda haka dole a saka ta a layin da ake wasa Alhamis da Asabar. A 2003 kwamitin ya yi tuntuɓe ya jefa ta shiyyar da za ta kai ta ga wasan Lahadi. Connecticut ce ta fitar da su kunya, ta yi waje da BYU tun a wasan farko.

Wannan Connecticut ɗin ita ce ta fi jan hankalina. A gaɓar gabashin Amurka take, amma a 2023 aka ba ta lamba 4 a shiyyar Yamma, wato sai ta je har Las Vegas. Babban ɗan wasanta a lokacin Adama Sanogo ne, ɗan Bamako ta Mali, kuma azumin Ramadan ya kama ana tsakiyar gasa. Da a gabas aka ajiye su, wasan ƙarfe bakwai na yamma zai zo dab da buɗa-baki. A Las Vegas kuwa agogo yana baya da awa uku, rana tana sama aka fara karawa da Arkansas. Da azumi a bakinsa ya shiga fili, suka lallasa Arkansas da ci 88 da 65, suka bi da Gonzaga 82 da 54. Wasa shida suka buga, ba wanda tazarar ta gaza maki 13, kuma ranar 3 ga Afrilu suka doke San Diego State 76 da 59 a Houston. Sanogo aka zaɓa gwarzon gasar.

Shin ko kun san cewa sau biyu kaɗai mai lamba 16 ya taɓa kayar da mai lamba 1 a gasar maza daga 1985 zuwa 2025? UMBC ta yi wa Virginia 74 da 54 a 2018, Fairleigh Dickinson ta yi wa Purdue 63 da 58 a 2023. Virginia ta haɗiye takaicinta ta dawo ta ɗauki kofin a 2019. Mafi ƙanƙantar lamba da ta taɓa ɗaukar kofi ita ce 8, Villanova a 1985. A 2008 da 2025 duk masu lamba 1 huɗun sun kai zagayen kusa da ƙarshe, a 2023 kuwa ko mai lamba 3 bai kai ba. Mai 12 kuma yana kayar da mai 5 kusan sau ɗaya cikin uku.

Shin ko kun san cewa a Sakkwato tauraron kwando Hakeem Olajuwon ya fara buga gasa? Ɗan ƙwallon hannu ne a wata kwalejin horon malamai ta Legas, aka jawo shi cikin 'yan kwandon makarantar a wani bikin wasanni na ƙarshen shekarun 1970. A 1983 jami'arsa ta Houston ta shiga gasar da lamba 1, ta kai wasan ƙarshe, sai North Carolina State mai lamba 6 ta zura ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, aka tashi 54 da 52. Duk da haka shi aka ba gwarzon gasar, kuma tun daga nan ba a sake ba wanda bai ɗauki kofi ba. Zariya ma tana da nata kaso: a can Masai Ujiri ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson na ABU, kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019.

Miliyoyin Amurkawa suna cike takardar hasashen wasanni 63 kowace shekara, har Barack Obama yana cikewa a talabijin lokacin da yake mulki. Hanyoyin da za a iya cike ta sun kai 9,223,372,036,854,775,808. A 2014 attajiri Warren Buffett ya sa dala biliyan 1 ga duk wanda ya dace gaba ɗaya, ba wanda ya ko kusa. Mafi nisan da aka tabbatar a gasar maza shi ne wasa 49 a jere, a 2019.

Shin ko kun san cewa rabon shiyya yana shafar barcin mai kallo a Jakara? A lokacin gasar, Kano tana gaban New York da awa biyar, tana gaban Kalifoniya da awa takwas. Wasannin farko na ranar Alhamis suna farawa ne bayan La'asar a agogonmu. In an ajiye jami'ar da kake so a gabas kuma aka ba ta ƙarfe bakwai na yammacinsu, sha biyun dare ke nan a nan. In a Kalifoniya ne, ƙarfe ukun dare, kana gama kallo ladan yana shirin kiran assalatu. Ba mai gidan kallon da zai tayar maka da janareta a wannan lokaci, sai dai waya da data.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne. A 2010 tashoshin CBS da Turner suka sayi haƙƙin nuna gasar na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8, a 2016 aka ƙara biliyan 8.8 zuwa 2032. Wannan ba mu da shi, kuma ba gobe za mu same shi ba. Amma abubuwa biyu daga cikin tsarinsu ko sisi ba sa ci. Masu shirya gasar makarantu da jami'o'i a Kano, don Allah ku riƙa liƙa sakamakon kowace ƙungiya a allo kowa ya gani tun kafin ranar rabon rukuni, kuma duk jami'in da makarantarsa ke cikin gasar ya jira a waje har a gama rabon.