Bindigar maƙeri da ta kanti a dajin Dapchi

Da zarar an gama yankan gero a ƙasar Bursari, aka roro wake, aka kai amfanin gona rumbu, sai hankalin wasu mazaje ya koma daji. Ciyawa ta bushe ta kwanta, iskar hunturu ta share rairayi, duk abin da ya taka ƙasa da dare safiya za ta tona asirinsa. A lokacin ne ake sauko da bindigogi daga inda aka rataye su tun faɗuwar damina, a warware tsumman da aka naɗe su da shi, a goge tsatsa, a shafa mai. Daga Dapchi da ke gefen kogin Komadugu Gana, zuwa Gashuwa a bakin kogin Yobe, har Nguru mai tafki da fadamu, maharba iri-iri ne. Akwai Barebari da Mangawa, akwai Badawa, akwai Hausawa da Fulani. Kowa da harshensa, amma kayan aikin kusan ɗaya ne, haka ma gardamar da ba ta ƙarewa a majalisarsu: shin bindigar da maƙerin gari ya ƙera da 'yan kuɗi kaɗan za ta iya ja da wadda aka yo daga ƙasashen waje?

Wanda ya tsaya kallonsu ranar fita zai ga bindiga iri uku. Wadda ta fi yawa ita ce ta ɗuri, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, wasu baushe, wasu kuma bindigar toka. Tana da dogon bututu da ƙotar itace, ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a bi da 'ya'yan harsashi, a toshe. Ta biyu ita ma aikin maƙeri ce, sai dai an kwaikwayo ta Turawa: ana karya ta a tsakiya a sa mata kwanso guda. Ta uku ita ce ta kanti, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, irin Baikal ta Rasha da ta daɗe tana yawo a Afirka ta Yamma, da na Turkiyya masu cin kwanso da yawa waɗanda suka shigo daga baya. Amma bindigar farautar masu kuɗi, wadda aka yi wa tsaga a cikin bututu domin harsashi ya fita yana juyawa ya cimma dabba daga nisan ɗaruruwan mita, har da madubin saiti a gadon bayanta, da wuya ka gan ta a kafaɗar maharbin ƙauye.

Ba yau bindiga ta zo wannan ƙasa ba. Birnin Ngazargamu, wanda kufansa ke nan kusa da Gaidam, shi ne fadar Mai Idris Alooma a ƙarni na 16, kuma limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta cewa rundunar sarkin tana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. Rabe ma da bindiga ya ci Borno a 1893. Sai dai waɗannan makaman sarauta ne da na yaƙi. Talaka maharbi da kwari da baka ya saba, da dafin kwankwani a bakin kibiya, shi ya sa har gobe shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa, ko da kuwa rabonsa da ɗana kibiya an yi shekaru. Da bindiga ta sauko hannun talaka, mafi rauninta ce ta sauko, kuma da gangan aka yi haka. A yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Brussels a 1890, sun taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta bi sawun wannan rabo: bindigar ɗuri kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta, ta kanti sai da izinin Sufeto Janar, ta soja kuwa haramun ce ga farar hula. Saboda haka idan ka ga dattijo a garin Bayamari da harba-ka-ruga, ba talauci kaɗai ya haɗa shi da ita ba.

Tsakanin maharbi da maƙeri akwai amana ta gado. Ba a shiga maƙera a zaɓi bindiga yadda ake zaɓen fartanya. Magana ake yi, a faɗi irin naman da ake nema, maƙeri ya dubi tsayin mutum da tsawon hannunsa kafin a sassaƙa ƙota. In an gama ba a fara harba ta a kafaɗa, sai an ɗaure ta a jikin bishiya, a ɗaura igiya a kunama, a koma nesa a ja. Idan ta yi ƙara bututun bai tsage ba, an samu bindiga. Daga nan mai ita zai shiga koyon halinta: ko tana karkata dama, ko tana ɗaga harbi sama, gwargwadon albarushin da take so, da wanda in an wuce shi za ta yi wa mutum tokari. Wani ya naɗe ƙotar da jar fata, wani ya ɗaura mata laya. Da yawa ba sa yarda a tsallake ta, kuma yaro ba ya taɓa bindigar maigidansa sai an ce ya ɗauko. Shekara da shekaru zai yi yana riƙon gora da jaka, yana cewa “To, Baba,” kafin a bar shi ya ɗura da hannunsa.

Abin da masu raina wannan bindiga ba su lura da shi ba shi ne, duk ilimin harbi na ƙasar nan a kan gajartarta aka gina shi. Harbinta ba ya wuce taku talatin zuwa arba'in da tabbas, kuma sau ɗaya ne. Kafin ka sake ɗuri, barewa ta sha kwana. Dole ne maharbi ya kai jikinsa kusa. Zai karanta sawu ya san na jiya ne ko na asubar yau, ya murza kashin dabba a yatsa ya san ko ta yi nisa. Zai ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa, domin ya bi ta inda ƙanshinsa ba zai riga shi isa ba. Ya san gawo na zubar da 'ya'ya da rani, ya san abin da ke zuwa cin aduwa da magarya, ya san tabkin da ke rage ruwa bayan sauran sun ƙafe.

Sai kuma burtu, wanda a ganina babu dabarar da ta kai shi kyau a duk sana'ar. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki, a ƙasa yake kiwo, namun daji kuma sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharbi kan samu kan tsuntsun, ko a sassaƙa masa na itace a rufe da fata, wani lokaci a yi masa ado da jajayen ƙwayoyin idon zakara. Sai ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa. Yana rarrafe yana kaɗa kai, ya sunkuya kamar mai tsattsagar fara, ya ɗago, ya karkace gefe, ya dakata. Ba ya miƙewa kai tsaye wurin naman, domin burtun gaske ba ya yin haka. Ƙaya na sukar gwiwa, ƙarangiya ta cika zane, rana na dukan baya, shi kuwa yana jan bindiga a ƙasa da hannu ɗaya, sai ya ga ƙwayar idon barewa sannan ya yi bisimilla ya taɓa kunama. In ya tarar da ita da sauran rai ya zare wuƙa ya yanka, domin naman ya halatta. Mutumin da ya iya wannan, me bindigar miliyoyi za ta ƙara masa? A taku ashirin, dalmar maƙeri da dalmar kanti aiki ɗaya suke yi. Kuma tunda ya san harbi ɗaya gare shi, ba ya sakinsa a banza. Karin maganar da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure ba ta samun karɓuwa a wurin gwanaye, don dabbar da aka raunata ta tsere asara ce biyu: ba a ci ba, ita kuma ta je ta mutu a wahale.

A farautar gayya ma, wadda ake kaɗa ganga a fita ƙauye-ƙauye da karnuka, bindiga ba ita ce sarauniya ba. Gora da kulki da ƙafar saurayi su ke aiki, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dattawa kan hana harbi idan jama'a ta yi zobe, saboda 'ya'yan harsashi ba su san ɗan gari ba. Rigimar da ta fi tashi a nan ita ce ta wa ya fara sara, ko karen wa ya fara kamu, kuma Sarkin Baka ne ke raba ta.

To amma araha ba ta ado, kuma akwai wuraren da bindigar maƙeri ke kunyata mai ita. Na farko danshi. Wanda ke farauta a fadamun Nguru, cikin kwalekwale ko tsaye a ruwa iya ƙugu yana dakon dinya da kirinjijiya, ya san albarushi in ya sha raɓa sai ya yi cus, ko ya yi jinkirin kamawa har tsuntsu ya tashi. Kwanson kanti a rufe yake, ruwa bai cika damunsa ba, mai baki biyu kuma tana ba ka dama ta biyu kafin garken ya yi sama. Na biyu, wanda ya fi damuna, haɗari. Bututun bindigar kanti ana gwada ƙarfinsa a masana'anta a buga masa hatimi. Na maƙeri sau da yawa ƙarfe ne da aka yi domin wani aiki daban, tsatsa na cinsa ta ciki inda ido ba ya gani, gwajin igiya na ranar farko kuwa ba ya faɗin abin da zai faru bayan shekara goma. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga hannu mai yatsu uku, ya ga fuska mai zanen albarushi. Mafi muni cikin bindigogin ita ce ta tsakiyar nan, ta maƙeri mai cin kwanson kanti, domin ƙarfin kwanson ya fi abin da aka ƙera ƙarfen ya ɗauka. Ita kuwa ta kanti, sayenta ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kowane harbi kwanso ne da aka sayo daga birni, sai mutum ya tsaya lissafi ko zabon da ke gabansa zai biya kuɗinsa. In wani ƙarfe ya karye a cikinta, a rasa mai gyara. Ta ɗuri kuwa kamar jakin gida take, abin da ke kusa take ci, ciwonta kuma a gari ake maganinsa.

Akwai wani lissafi da ba a cika yi a majalisa ba, na dajin kansa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta canja, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki suka ci daji, masu gawayi da itace suka bi sauran. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da sanyi su sauka a Dagona, a ƙaramar hukumar Bade, suna ƙarƙashin kariyar Gandun Dajin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, tafkin Nguru kuma ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000. A irin wannan hali, bindiga mai kyau a hannun marar tarbiyya bala'i ce. Saurayi a kan babur, da fitila mai haske a goshi da bindiga mai cin kwanso biyar, zai iya kashe a dare ɗaya abin da mai burtu ba zai samu a wata ba, kuma ba ruwansa da mai ciki ko mai shayarwa. Tsofaffin maharba suna da abubuwan da ba sa taɓawa. Ba a harbin shamuwa, mai albishirin damina, kuma in ruwa ya sauka ana rataye bindiga a koma gona, dabba ta samu ta hayayyafa. Jinkirin ɗuri da gajartar harbi sun taimaka wajen riƙe waɗannan iyakoki, ko da ba don haka aka ƙera bindigar ba.

Inda gardamar ta daina zama ta hira shi ne tun da rikicin Boko Haram ya mamaye Borno da Yobe. A watan Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri da bindigogin ɗuri da kwari da baka, suna neman a bar su su shiga dajin Sambisa. Dapchi ma ta ɗanɗana nata ranar 19 ga Fabrairun 2018, da aka kwashe ɗalibai mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta garin. A garuruwa da dama na yankin, maharba da 'yan banga ne ke kwana a bakin gari, su ne ke shiga gaban soja suna nuna sawu, domin babu wanda ya fi su sanin dajin. Jaruntakarsu ba abin musu ba ce, kuma da yawansu sun yi imani da layun da ke jikin rigunansu. Amma bindigar da aka yi domin barewar da ba ta ramawa ba ta da abin yi a gaban AK-47 mai harsashi talatin a cikinta, wadda ke kaiwa inda harba-ka-ruga ba ta ko mafarki. Ko mai baki biyu aka ba shi, harbi biyu ne a gaban talatin. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana yaba wa maharba a bakin magana alhali an bar su a sahun gaba da kayan farautar zabo. Aikinsu shi ne ido da kunne da sanin hanya, mai kaki kuma ya tsaya inda wuta take. Wanda ya faɗi a cikinsu a bakin wannan aiki ya bar mata da 'ya'ya a Dapchi ko Gashuwa, kuma gwamnatin da ta nemi taimakonsa ita ya kamata ta ɗauki nauyinsu.