Madubin Gefe Mai Rage Haske Da Kansa: Yadda Ake Gano Matsalarsa Kafin A Sayi Sabo

Direbobin da ke bin titin Kano zuwa Katsina da dare, musamman daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kankiya, sun san yadda fitilar tirela ke dukan madubi daga baya har ido ya ɗauke na ɗan lokaci. A hanyar da ake haɗuwa da babura marasa fitila da amalanke da dabbobi, waɗannan 'yan daƙiƙun sun isa jawo hatsari. Shi ya sa motoci irin su Lexus RX 350, ES 350, Toyota Avalon da wasu ƙirar Marsandi ke zuwa da madubin gefe mai yin duhu da kansa idan haske ya yi masa yawa.

Ranar da madubin ya daina aiki, mai mota a Kankiya ko Kusada yakan kama hanyar Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman wani. Sau da yawa kuma madubin da aka cire lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri daban.

Yadda yake aiki

Gilashi biyu ne aka haɗa, a tsakaninsu akwai wani sinadari mai kauri da ke canza launi idan lantarki ya ratsa shi. Wutar da yake buƙata kaɗan ce, bolt 1 da 'yan kai. Da zarar an ɗauke ta, sai ya washe. Kamfanin Gentex na jihar Mishigan a Amurka ne ya fara fitar da irin wannan madubin na cikin mota a 1987, na gefe kuma ya biyo baya a 1991.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne madubin gefe ba ya yanke hukunci da kansa. Sensa biyu masu auna haske suna jikin madubin tsakiya ne: ɗaya na kallon gaba don gane ko dare ya yi, ɗaya na kallon baya don auna hasken fitila. Madubin tsakiya shi ke lissafi, ya tura wa na gefe wuta, a wasu sababbin motoci ta hanyar ƙaramar kwamfutar da ke cikin ƙofa. Don haka daga madubin tsakiya ake fara bincike.

Alamomin da ke nuna gilashin ne ya mutu

Idan an kashe mota amma madubin ya zauna a duhu, ko ya yi tabo mai ruwan ƙasa, ko kumfa, ko aka ga rabinsa baƙi rabinsa fari, to sinadarin ne ya lalace ko ya tsiyaye. Zafin rana irin na watan Afrilu da Mayu yana saurin cinye abin da ya rufe bakin gilashin. Wannan ba shi da gyara sai canji.

Idan kuwa madubin fes yake, kawai ya ƙi yin duhu, a dakata da saye, a yi gwaji.

Gwajin minti biyar

1. A faka a inuwa, a kunna mota, giya na P. A ribas tsarin yana kashe kansa da gangan.
2. A duba maɓallin madubin tsakiya. Idan yana da ƙaramar fitila, a tabbatar ta kama.
3. A goge sensa biyun. Ƙurar hunturu, sitika, carbi ko kyamarar da aka maƙala na iya rufe su.
4. A rufe sensar gaba da baƙin salatif, a haska ta baya da tocilar waya.

Cikin daƙiƙu kaɗan za a ga ɗaya daga cikin abu uku.

Duka sun yi duhu: tsarin lafiya lau. A zargi ƙura, ko baƙar ledar da aka manna a gilashin baya, wadda ke rage hasken da ke isa sensa.

Na tsakiya ya yi duhu, na gefe bai yi ba: a fara tabbatar motar na da tsarin a gefe, domin akwai Camry da Accord da yawa da na tsakiya kaɗai ke da shi, wasu motocin kuma ɓangaren direba kawai. Sai a auna siraran wayoyi biyun da ke bayan gilashin da mita ana cikin gwajin. Idan an samu kusan bolt 1, gilashin ne. Idan babu komai, waya ce ta tsinke, galibi cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda take lanƙwasa kullum.

Babu wanda ya yi duhu: a duba fis. Idan yana da kyau, a zare soket ɗin gilashin gefe a sake gwadawa. A wasu motocin, gilashin gefe da ya haɗe waya yakan hana na tsakiya aiki. Idan na tsakiya ya farfaɗo bayan an zare, an gano mai laifi.

Kuskuren da ke ƙona madubi

Al'adar masu wayarin ce su jawo waya daga batir su taɓa abu don ganin ko yana aiki. Batirin mota bolt 12 ne, kusan ninki goma na abin da wannan gilashin ke ɗauka. Taɓawa ɗaya na iya kashe shi, idan kuma wutar ta koma ta cikin wayar, ta haɗa da madubin tsakiya. Wayoyin da ke ɗaukar bolt 12 a bayan gilashin na hita ne, mai busar da raɓa. Mai mota ya faɗa wa mai gyara wannan tun kafin ya ɗauko waya.

Yadda ake canza gilashin

Matuƙar gidan madubin da injin juya shi suna lafiya, gilashin kaɗai ake saye.

1. A karkatar da gilashin har ƙarshe da maɓallinsa don a samu kafa, sannan a kashe mota.
2. A sa safar hannu. Sinadarin ba na taɓawa ba ne, kuma yana ɓata fenti da roba. Idan ya taɓa fata a wanke da sabulu.
3. A leƙa da tocila a ga yadda aka maƙala shi. A ɓamɓare a hankali da wani abu na roba mai faɗi, kusa da tsakiya. Sukundireba na fasa gilashi.
4. A ɗauki hoton wayoyin kafin a zare su.
5. A jona sabon, a maimaita gwajin tocila tun bai shiga ba.
6. A danna tsakiyarsa da tafin hannu har ya ce ƙas, sannan a juya shi ta ko'ina.

Kafin a biya kuɗi a kasuwa

A tafi da tsohon gilashin da lambar casis mai haruffa da lambobi 17. A gwada bayansu da soket ɗinsu. Tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a Najeriya, sitiyari na hagu, don haka gilashin da aka ciro daga motar Ingila ba lallai ya dace ba. Motar Amurka kuwa madubin direbanta shimfiɗaɗɗe ne, na Turai yakan zo da ɗan lanƙwasa. Na hannu a ɗaga shi a rana a duba gefensa, tabo ko ɗan kaɗan ne alamar ya fara tsiyaya.

Wanda aljihunsa bai kai ba zai iya sa gilashi na yau da kullum mai girma ɗaya, a naɗe wayoyin biyu da baƙin salatif, kowace daban. Ba zai rage haske ba, amma ya fi madubi mai tabo wanda ba a ganin mai babur ta cikinsa.